Inda Bel Zai Kama: Kafa Maɗaurin Bel a Motar Haɗa-da-Kanka

A Birtaniya akwai tsohuwar al'ada tsakanin masu sha'awar mota: mutum ya sayi mota a warwatse, ya kai ta garejin gidansa, ya yi ta haɗawa a ranakun hutu har ta tashi. Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957, a haka aka riƙa sayar da ita, saboda a lokacin motar da aka saya a warwatse ba ta biyan harajin saye. Kamfanin Caterham ya karɓi haƙƙin ƙera ta a 1973, wasu kamar Westfield suka bi sahu, sannan a 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya koya wa mutane yanka bututu da walda su ƙera irinta tun daga tushe, wadda ake kira Locost. Duk wanda ya shiga wannan aiki ya ɗauki nauyin da a kamfanin mota injiniyoyi da yawa ke rabawa tsakaninsu, kuma a cikin nauyin nan babu wanda aka fi rainawa kamar wuraren da bel ɗin kujera zai kama. Ana kallonsu a matsayin huji uku ko huɗu da za a yi a ƙarshe, bayan inji ya zauna an yi fenti. Wannan kallo shi ne tushen yawancin kurakurai. Maɗaurin bel hanya ce da ƙarfin karo zai bi daga ƙirjin mutum ya ratsa bel, ya ratsa noti, ya shiga casis, wato ƙwarangwal ɗin ƙarfen motar, kuma hanyar nan ana tsara ta ne tun casis yana tsirara, a fara daga mutumin da zai zauna, a ƙare a mahaɗar bututu.

Sai an san girman ƙarfin kafin a yarda da wannan magana. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abin da ba ya motsi, jikin wanda ke ciki yana ɗauke da kuzarin da ya yi daidai da faɗowa daga tsayin mita 10 ko kusa da haka. Mutum mai nauyin kilo 75, in aka tsayar da shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20, wanda ba wani abin mamaki ba ne a irin wannan karo, zai ja bel da nauyin tan ɗaya da rabi. Shi ya sa ƙa'ida ta 14 ta hukumar tattalin arzikin Turai da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ita ce ta shafi maɗauran bel, take gwada bel mai maɗauri uku da jan kilonyuton 13.5 a kafaɗa da wani 13.5 a ƙugu, a lokaci guda. Kowane ɗaya ya kusa nauyin kilo 1,400, jimla kuwa ta haura tan biyu da rabi. A Amurka ma ƙa'ida mai lamba 210 tana neman fam 3,000 a kowane ɓangare, kusan adadi ɗaya ke nan. A ajiye wannan kusa da nauyin motar kanta: yawancin motoci irin Seven ba su wuce kilo 500 zuwa 650 ba. Maɗauran kujera ɗaya ana so su riƙe abin da ya ninka nauyin motar gaba ɗaya wajen sau huɗu zuwa biyar. Wani zai ce ai motar ba ta da nauyi, don haka ba ta buƙatar ƙarfe irin na manyan motoci. Lissafin ya juya masa baya. Abin da bel ke riƙewa nauyin mutum ne, kuma mutum ba ya raguwa don ya shiga ƙaramar mota. Hasali ma idan ƙaramar mota ta yi gaba-da-gaba da babba, ita ce gudunta ke canzawa da yawa cikin ƙiftawar ido, ga shi ba ta da dogon gaba mai murƙushewa ya shanye bugun, ba ta da jakar iska. Rashin nauyi dalili ne na ƙara kula.

Aikin yana farawa da kujera. A kafa ta a inda za ta zauna har abada, da layin da take zamewa a kai in tana da shi, a zaunar da wanda zai riƙa tuƙi, sannan a ɗauko tef da abin auna kwana. Bel ɗin ƙugu wurinsa kan ƙashin ƙugu, ƙasa da ciki, domin ƙashin nan yana iya ɗaukar nauyi mai yawa, hanji da hanta kuwa ba sa iyawa. Abin da ke riƙe shi a kan ƙashi shi ne kwanar da yake sauka da ita zuwa maɗaurinsa. Ƙa'ida ta 14 ta yarda da digiri 30 zuwa 80 daga shimfiɗe, a gefen makulli na kujerar gaba kuma 45 zuwa 80, amma mai hankali zai nemi wajen digiri 60, ya kuma duba cewa kwanar ba ta fita daga iyaka ba ko an tura kujera gaba ko an mayar da ita baya. Idan maɗaurin ya yi baya da yawa, bel ya kwanta, to a karo ƙugu zai sulale ta ƙarƙashinsa, bel ya hau ciki. Wannan haɗari ya fi yawa a motoci irin Seven, inda mutum ke zaune a ƙasa ƙafafu a miƙe, kusan a kishingiɗe. Maɗauran ƙasa biyu kuma kada tazararsu ta gaza milimita 350, kuma kowane ɗaya ya nisanci tsakiyar kujera da aƙalla milimita 120. A ƙunƙuntar mota wannan yana nufin ɗaya zai zauna a bututun gefe na ƙasa, ɗayan a jikin ramin da sandar juya tayoyin baya ke bi. Na cikin nan, mai riƙe makulli, a bel mai maɗauri uku shi ke ɗaukar jan ƙugu da na kafaɗa a haɗe, amma sau da yawa shi ne ake kafawa a bututu mafi siranta a duk motar.

Maɗaurin sama ya fi ba da wahala. A gwajin da hukumar DVSA ta Birtaniya ke yi wa motar da mutum ya haɗa da kansa, wanda ake kira IVA, ya kuma maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, mai dubawa yana ɗora wani ɗan katako mai tsawon milimita 136 da tsayin 53 a kan kujera, a jingine da bayanta, ya auna daga gefensa na sama: wurin da bel ke barin mota ya nufi kafaɗa dole ya kai tsayin milimita 450 daga nan. Masu haɗa mota da yawa sun faɗi gwaji a kan wannan awo kaɗai, galibi don sun sa kujera mai kaurin katifa bayan casis ya riga ya kammala. Dalilin awon yana jikin mutum. Idan bel ya hau kafaɗa sannan ya gangara sosai zuwa maɗaurin da ke can ƙasa a baya, lokacin da ya ɗaure zai danna kafaɗa ƙasa ya matse ƙashin baya. Shi ya sa dokokin hukumar tseren mota ta duniya, FIA, suka daɗe suna cewa bel ɗin kafaɗa ya nufi baya yana ɗan gangarawa kaɗan, kuma masu ƙera bel sukan ba da shawarar kada gangarar ta wuce digiri 20 daga shimfiɗe. Akwai wata dabara da ake yi wadda ya kamata a guje mata: a bar maɗaurin a ƙasa, a zura bel ta ramin da ke bayan kujera don ya ɗaga. Da zarar bel ya lanƙwasa a bakin ramin nan, kujerar ce ta zama maɗauri, ita za ta ɗauki nauyin, kuma kujerar faiba mai kaurin 'yan milimita ba a yi ta don haka ba. Bel ya kamata ya ratsa ramin ba tare da ya jingina da bakinsa ba. In ba zai yiwu ba, sai a ɗaga maɗaurin, ko dai da sandar ƙarfe da aka yi wa walda tsakanin ƙafafun ƙarfen kariya na bayan kai, ko da wata hasumiya mai tokare a kan casis. Ga irin wannan sanda FIA ta tsayar da bututun ƙarfe marar ɗinki mai faɗin milimita 38 da kaurin 2.5, ko 40 da kaurin 2.

Bayan an san inda kowane maɗauri zai zauna, sai tambayar abin da zai kama. A nan ne ake yawan ruɗuwa da ƙarfin noti. Notin bel na asali zarensa inci 7/16 ne, mai haƙora 20 a inci, wanda ake kira UNF, kuma ko motocin da duk sauran notocinsu na milimita ne da shi suke amfani. Notin ƙarfe mai lamba 8.8 a kansa, mai kaurin milimita 12, sai an ja shi da abin da ya haura tan 6 kafin ya tsinke. Ke nan noti mai kyau da wuya ya zama shi ne zai fara sakewa. Abin da ke kewaye da shi ne ke sakewa. Casis ɗin Locost da ire-irensa bututu ne mai kusurwa huɗu, milimita 25 kowane gefe, kaurin bangonsa kuwa 1.6 kacal. A ɗauki guntun irinsa mai tsawon rabin mita tsakanin mahaɗa biyu, a ja shi daga tsakiya: lissafi mai sauƙi ya nuna zai fara lanƙwashewa da nauyin da bai kai rabin tan ba. Bututun nan yana da ƙarfi ƙwarai idan aka ja shi ko aka danna shi ta tsawonsa, shi ya sa ake jera shi kusurwa uku-uku, amma a gicciye rarrauna ne. Don haka maɗauri ya matsa kusa da mahaɗa, inda bututu uku ko huɗu suka haɗu, gwargwadon yadda kwanar bel ta bari. Inda ba ta bari ba, sai a kawo mahaɗar wurinsa: a ƙara bututu mai tokarewa a karkace wanda zai bi layin jan, ko a cike kusurwar da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a yi masa walda a gefe biyu.

Huda bututu kai tsaye a zura noti a ɗaure kuskure ne biyu a haɗe. Hujin milimita 11 a fuskar da faɗinta 25 ya cinye kusan rabinta, sannan ɗaurin notin yana matse bangayen biyu su loɓa ciki, yau a ɗaure tam, bayan wata guda ya yi sako-sako. Gyaran da aka sani shi ne a samo guntun ƙarfe mai kauri wanda aka huda aka yi masa zaren 7/16 a ciki, a huda bututun ya ratsa bango biyu, a zura guntun, a yi masa walda zagaye a kowane gefe. Ta haka bangaye biyu ke raba nauyin, kuma babu abin da zai loɓa. Guntun da aka ɗora a fuskar bututu kawai aka zagaye gindinsa da walda, duk ƙarfinsa ya rataya ne a kan bango ɗaya mai kaurin 1.6, zai ɓalle ya tafi da yankin bangon. Waldar kanta sai an duba: ƙarfe mai kauri da siriri idan suka haɗu, zafin da ya ishi siririn bai ishi mai kaurin ba, sai a sami walda mai kyan gani a sama wadda ba ta ci ciki ba. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya gwada a guntayen banza, ya yanka ya ga cikin, ko ya kai wa gwani. Babu abin kunya a nan.

Motocin da ke da daɓen ƙarfe, ko waɗanda aka gina a kan ƙasan wata tsohuwar mota kamar Volkswagen Beetle, tasu hanyar ita ce faranti mai baza nauyi. Awon FIA a nan abin riƙewa ne ko ga wanda ba zai je tsere ba: farantin ƙarfe mai faɗin aƙalla murabba'in santimita 40, kaurin aƙalla milimita 3, wato kamar 65 da 65. Wurinsa bayan daɓen ne, ta gefen da jan zai matse shi a jikin ƙarfen motar. A goge kusurwoyinsa su yi zagaye, a kashe kaifin gefensa, domin faranti mai kaifi yakan yanka daɓen ya fito ta ciki. A lanƙwasa shi ya bi siffar wurin ya kwanta lif, a yi wa notin walda a jikinsa. Mai musu zai ce babbar washa ma ai tana baza nauyi. Tana yi, amma kaɗan: washa mai faɗin milimita 30 ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan faranti ba, kuma siririya ce, takan lotsa ta bi hujin. Shi ma farantin yana da iyaka, domin abin da yake yi kawai miƙa nauyin ga daɓe, sai a tambaya shi daɓen me ya riƙe shi. A motoci irin Seven daɓen sau da yawa alminiyam ne da aka kafe da ƙananan ribit. Komai girman farantin da aka sa a ƙarƙashinsa, ribit ɗin da ya fi kusa shi zai fara ɗaukar jan, ya tsinke, na kusa da shi ya karɓa ya tsinke, kamar yadda ɗinkin riga ke farkewa in bakinsa ya saki. Alminiyam mai ribit, da bodin faiba, da katako, babu ɗayansu da ya cancanci riƙe bel. Idan bodin faiba ya rufe wurin, sai a huda shi a sa ɗan bututun ƙarfe mai tsayar da tazara, noti ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe, faiba ba ta cikin matsin.

Ana iya ɗaure makulli a jikin kujera, kamar yadda motocin kamfani da yawa ke yi, kuma yana da amfani domin kwanar ba ta canzawa in kujera ta motsa. Sai dai daga nan layin kujera da notocinsa da abin da suka kama duk sun shiga hanyar ƙarfin, kuma ƙa'ida ta 14 tana ƙara musu nauyin kujerar sau 20 a kan jan bel. Layin da aka saya a shagon kayan ado na mota ba a gwada shi don wannan ba. Ga mai haɗa mota a gida, ya fi sauƙi ya bar bel a casis.

Wajen ɗauri, ƙananan abubuwa ne ke ɓata babban aiki. Inci 7/16 ya yi daidai da milimita 11.1, kuma tazarar haƙoransa 1.27, don haka akwai notocin milimita da za su fara shiga kamar sun dace sannan su ci zaren. Noti ya shiga da yatsu zagaye da yawa kafin sifana ta taɓa shi. Notin da ba ya tsatsa, wanda ake so saboda ƙyalli, irin da aka fi samu a kasuwa yana fara miƙewa da wuri fiye da 8.8, a bar shi wa fitila da madubi. Ƙarfen bakin bel yana zuwa da ɗan zobe mai kafaɗa wanda ke ba shi damar juyawa bayan an ɗaure, kuma masu gaggawa sukan yar da shi. Zoben nan shi ke sa ƙarfen ya juya ya fuskanci jan. In an matse shi a karkace, bel zai taru a lungu ɗaya na ramin, zarensa ya riƙa tsinkewa daga gefe. Noti mai zobe a kai, wanda ƙugiyar bel ɗin tsere ke kamawa, a daidaita shi da siraran washa har zoben ya tsaya a layin jan daidai lokacin da ya ɗauru, kada a kwance shi rabin zagaye don ya daidaita. Inda akwai noti a baya, ya zama mai kulle kansa, zare biyu aƙalla su leƙo. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da mai bel ya rubuta. Gwangwanin da ke naɗe bel kuma yana da ɗan ƙwallo ko lilo a ciki mai kulle shi, an tsara shi ya zauna a wata kwana takamaimai. Wanda aka ciro daga Ford Sierra ko Mazda MX-5 aka kwantar da shi a wata kwana dabam, ko ya riƙa kullewa ba dalili, ko ya yi jinkirin kullewa ran da ake buƙata. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a haɗari ya gama aikinsa, ko da ido bai ga komai ba. A bi hanyar bel da hannu daga maɗauri zuwa maɗauri, duk bakin alminiyam da ya taɓa a naɗe shi ko a sa masa roba.

Akwai masu ganin bel mai maɗauri huɗu ya warware komai, tunda nauyi ya rabu huɗu. Rabon gaskiya ne, kuma a motar da ba ta da ginshiƙin gefe sau da yawa shi ne ya fi sauƙin kafawa. Amma bel ɗin kafaɗa biyu suna jan makulli sama, su ɗaga na ƙugu daga kan ƙashi zuwa ciki, abin da bel mai maɗauri uku na Nils Bohlin, wanda Volvo ta fara sawa a 1959, ba ya yi sosai. Shi ya sa na tsere ke da maɗauri na biyar da na shida tsakanin cinyoyi. Wanda ya zaɓi huɗu, kwanar ƙugu ta ƙara zama wajibi a kansa, ya kuma saba da ɗaure ƙugu tam kafin ya ja na kafaɗa. Ya duba kuma cewa bel ɗin yana ɗauke da tambarin amincewa na hanya, mai harafin E, domin tambarin tsere kaɗai ba lallai ya gamsar da mai duba motar titi ba.

Musu na ƙarshe shi ne mafi ƙarfi: in mota ta ci gwajin IVA, me ya rage? Gwajin yana da daraja, ya hana motoci marasa kyau da yawa hawa titi. Amma mai dubawa ba ya jan maɗauri da tan biyu da rabi, domin wannan gwaji ne mai lalata mota, kamfanoni ne ke yin sa a kan samfuri. Shi da ido da tef da ƙwarewa yake hukunci, kuma abin da alminiyam da kafet suka rufe ba ya ganinsa sai an buɗe ko an nuna masa hoto. Ba zai iya ganin cikin walda ba. Don haka kafin a kai casis fenti, mai gini ya tsaya a kan kowane maɗauri, ya ɗora yatsa a kan notin, ya bi layin da jan zai bi har ya isa mahaɗar bututu. Duk inda yatsan ya ratsa ribit, ko faiba, ko tsakiyar dogon bututu marar tokari, ko bango ɗaya siriri, a gyara wurin a ranar. A ɗauki hoton kowane maɗauri da tef a gefensa, kafin walda da bayanta, a ajiye don mai dubawa da kuma wanda zai sayi motar nan gaba. Idan casis ɗin na kamfani ne kuma ya zo da maɗauransa, a yi amfani da su yadda suke, kada a matsar da ko ɗaya sai an tambayi kamfanin a rubuce.